Ku Tambaya Mu Amsa: Husufi, Naira da Wayoyin Ƙarƙashin Teku

Assalamu alaikum masu karatu, wasiƙu sun taru da yawa a wannan makon, to ga waɗanda fili ya ɗauka, sauran kuma sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Gusau: Malam dan Allah tunda ance wata ne yake shiga tsakanin rana da duniya ayi husufi, me yasa ba a yinsa duk wata?

Amsa: Kai ɗalibi ka iya tambaya. Gaskiya ne duk ƙarshen wata, lokacin da ya ɓuya ba a ganinsa, wata yana bi ta ɓangaren rana, amma hanyar da yake zagaya duniya a karkace take da kamar digiri 5, to mafi yawan lokuta sai inuwarsa ta wuce ta sama ko ta ƙasa bata taɓa mu ba, sai ranar da ukun suka daidaita a layi ɗaya sannan inuwar ta faɗo. Abin mamakin ma shine rana ta ninka wata girma wajen sau 400 kuma ta ninka shi nisa wajen sau 400, shiyasa yake iya rufe ta ruf. Kai da kake Gusau ma ai ka tambayi manya a gida, ranar 29 ga Maris 2006 duhu ya rufe garinku da safe, inuwar ta ratso Ghana da Togo da Benin ta shigo Najeriya ta wuce Nijar har Libiya. Husufin wata kuwa sai tsakiyar wata yake faruwa, lokacin duniya ce a tsakiya. Kuma dan Allah kar a kalli rana da ido haka nan ko da baƙin gilashi ne na kwalliya, tana ƙona ido ba tare da mutum ya ji zafi ba.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Zariya: Yaushe aka fara naira, kakata har yanzu da fam take lissafi?

Amsa: Ki gaida mana Hajiya. Ranar 1 ga Janairu 1973 zamanin Gowon aka fara, naira biyu ita ce fam ɗaya, sule ya koma kwabo goma. Kafin nan kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, lissafi mai wahalar gaske. Naira 20 mai hoton Murtala ta fito a 1977, dubu ɗaya kuma sai 2005.

Tambaya daga wani mai POS a Kano: Wai intanet daga tauraron ɗan adam yake zuwa ne? In haka ne me ya haɗa shi da teku da ake cewa waya ta tsinke?

Amsa: Yallaɓai mutane da yawa haka suka ɗauka, amma kusan duk saƙon da yake tsallaka nahiya ta cikin wayoyi yake bi waɗanda aka shimfiɗa a ƙasan teku, a cikinsu akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, haske ne yake gudu a ciki ɗauke da saƙon. Na Najeriya yawanci a Legas suke fitowa tudu, daga nan a ja su ta ƙarƙashin ƙasa zuwa turakun da wayarka take kamawa. Ka tuna 14 ga Maris 2024? Wayoyi huɗu suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, tura kuɗi ya gagara a bankuna da dama, ku masu POS kun fi kowa sanin ranar. Gyaran kuma ba na kwana ɗaya bane, sai jirgin ruwa na musamman ya je ya lalubo wayar ya ɗago ta a haɗa. Starlink dai, intanet ɗin nan na tauraron ɗan adam, da gaske ta sama yake zuwa, amma kaɗan ne cikin abin da duniya take amfani dashi.

Tambaya daga Maraɗi: Me yasa ƙasa ɗaya take iya hana a zartar da ƙuduri a Majalisar Ɗinkin Duniya?

Amsa: A Kwamitin Sulhu ne hakan yake, mai mambobi 15. Goma zaɓensu ake yi na shekara biyu, biyar kuwa kujerarsu ta dindindin ce, Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa, kuma ko ɗaya ce ta hau kujerar naƙi magana ta mutu. Tun 1945 aka tsara kujerun dindindin ɗin haka, waɗanda suka ci Yaƙin Duniya na Biyu suka raba wa kansu, lokacin kusan duk Afirka tana hannun Turawan mulkin mallaka. Tun 2005 Tarayyar Afirka take neman kujeru biyu na dindindin, ni dai ban ga alamar za a bayar nan kusa ba, don ba a iya gyara dokar sai su biyar ɗin duk sun sa hannu.