Yarona ya kasa karatu, wa zai gwada min shi?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 9 yana aji uku amma har yau ko sunansa baya iya rubutawa daidai, malamarsu tace wai daƙiƙi ne, hedimasta kuma yace in kai shi a gwada shi, nace ina? shima bai sani ba. Kakarsa ta dage sai dai rubutu da tofi. Wata uwa daga Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana shi. Ki fara hana kowa kiransa daƙiƙi, wallahi kalmar nan tana kashe zuciyar yaro, kuma malama bata da hurumin yanke masa hukunci tunda ba'a gwada shi ba.

Shi ma hedimastan ban ga laifinsa sosai ba, masu wannan gwajin ƙalilan ne a garin nan na Kano, kuma ba aikin mutum ɗaya bane, sai an haɗa likitan yara da mai gwajin ji da masanin halayyar ɗan adam da malamin da ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman. Ana horar da irin malaman nan, akwai sashensu a Jami'ar Bayero, akwai a Jos, ga kwalejin Oyo tun 1977, sai dai wanda ya gama sau da yawa aji kawai ake bashi kamar kowa, gwajin bai zama aikinsa ba. Gashi tun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya. Ni a ganina da SUBEB, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, zata ajiye ko mutum biyu a kowace ƙaramar hukuma suna zagaya firamare, su koya wa malaman aji alamomin farko, da iyaye sun huta da yawo.

Amma ke kar ki zauna jira. Addu'a kam ku ci gaba, sai ki haɗa da asibiti, ki fara da kunne da ido, domin yara da yawa da ake cewa basa ganewa ji ne basa yi sosai, musamman wanda ya taɓa sanƙarau ko ƙyanda ko kunnensa ya daɗe yana ruwa, wani kuma allon ne baya gani daga bayan aji. Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala duk akwai ɓangaren kunne da na ido.

Ki tafi da littattafansa na rubutu, har wanda ya yayyage, a gani ko juya haruffa yake ko tsallake layi. Ki tuno yaushe ya fara tafiya da magana, ko yayi ciwon shawara yana jariri, ko yana waigowa in kin kira shi ta baya. Wannan bayanin naki yana rage wa mai gwaji rabin aiki.

In kunne da ido lafiya lau, likitan yara zai faɗa miki na gaba, ki kuma leƙa sashen na Bayero ko makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ki nemi malaman su duba shi. Kafin nan ki roƙi malama ta dawo dashi bencin gaba, kuma a ajiye bulala.