Yaya ake ƙirga man da ba a tono ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta cewa a 2018 hukumar binciken ma'adanai ta Amurka ta ce akwai ganga biliyan 46 na ɗanyen mai a ƙarƙashin jihohin Texas da New Mexico, kuma wai man da ba a riga an gano ba ne. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya ake ƙirga abin da ba a gani ba? Ko dai cika baki ne kawai? Ɗalibinku daga Azare.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ba cika baki ba ne, lissafi ne, amma lissafin da kan ci ko ya faɗi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana sayen gonar rogo tun kafin a tone. Sai ya auna gonar da taku, ya ƙirga kunyoyi, ya tumɓuke gindi uku ko huɗu a wurare daban-daban, sannan ya yi ciniki. Bai ga rogon duka ba, amma ya san abin da zai iya samu. Duk lokacin da nake duba rahoton wannan hukuma ta Amurka, wato USGS, shi nake tunawa.

Dutsen da man nan yake ciki, wanda ake kira shel, laka ce da ta kwanta a gindin teku shekaru miliyoyi da suka wuce, haɗe da gawarwakin ƙananan halittu. Nauyi da zafin ƙasa suka dafa su suka zama mai ko iskar gas. Matsalarsa ita ce ƙofofinsa sun yi ƙanƙanta, man ba ya gudana. Dole a haƙa rijiya ta nutsa, ta karkata ta bi shimfiɗar dutsen a kwance, sannan a tura ruwa da yashi da ƙarfi a tsattsaga shi. To, da yake man a warwatse yake cikin dutsen ba a taru wuri guda ba, sai ƙiyasin ya zama irin na gonar rogo. Masana su shata iyakar yankin da dutsen ke da kauri da isasshen abin da ya dahu. Su ƙirga rijiya nawa za ta shiga filin da ba a taɓa ba, da kashi nawa ne za su yi nasara. Sai su ɗauki rijiyoyin da ke aiki, su bi yadda man da suke bayarwa ke raguwa wata bayan wata, su fitar da abin da rijiya ɗaya za ta bayar a tsawon rayuwarta. Kwamfuta ta juya waɗannan alƙaluma sau dubbai, ta fitar da mafi ƙaranci da mafi yawa da matsakaici. Wannan biliyan 46.3 da ka gani matsakaicin ne, kuma shi kaɗai jaridu ke ɗauka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne adadin ba ya zama wuri ɗaya. Dutsen Bakken na jihohin Dakota ta Arewa da Montana a Amurka, a 1995 an ƙiyasta masa ganga miliyan 151. A 2008, bayan sabuwar dabarar haƙa ta kama, aka ce biliyan 3.65. A 2013 ya hau 7.4 da aka haɗa shi da dutsen Three Forks da ke ƙarƙashinsa, a 2021 ya sauko 4.3, domin rijiyoyi da yawa sun riga sun cinye filin. Dutsen bai canza ba.

Na Monterey a Kalifoniya ya fi ban tausayi. Hukumar bayanan makamashi ta Amurka, wato EIA, ta ɗora masa ganga biliyan 13.7, 'yan siyasa suka fara alƙawarin ayyukan yi. A 2014 ta zaftare kashi 96 cikin 100, ya koma miliyan 600. An ɗauka zai yi hali irin na Bakken, alhali motsin ƙasa ya lanƙwashe shi ya kakkarye, rijiyar kwance ba ta iya bin sa. Haka Poland ta sha: an yi ta shelar arzikin gas a 2011, kamfanin mai na ExxonMobil ya haƙa ya janye a 2012, kamfanin Chevron ya bi sahu a 2015. Gindin rogon da aka tumɓuke na wata gonar ne.

Sannan ka lura, USGS na ƙirga abin da fasahar yau za ta iya fitarwa ne, ba ta duba ko akwai riba. Idan farashin ganga ya faɗi, da yawansa zai zauna a ƙasa.

Tunda a jihar Bauchi kake, na san aikin haƙar mai na Kolmani na ranka, inda aka ambaci ganga sama da biliyan 1 lokacin ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022. Wancan ba irin aikin shel ɗin Amurka ba ne, amma tambayar da za ka yi ɗaya ce: rijiya nawa aka haƙa, kuma ganga nawa kowacce ta bayar da aka gwada ta?