Tambayoyin Masu Karatu: Wane Iri Ne Mai Shuka Ya Yafa?

Daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili tun saukar ruwan farko, uku sun haɗu a kan nassi guda, wato misalin mai shuka, wanda yake a Matiyu sura 13, da Markus sura 4, da Luka sura 8. Ba abin mamaki ba ne, domin da zarar damina ta kankama a ƙasar Maradi masu wa'azi sukan koma wa wannan misali, ganin cewa yawancin masu sujada hankalinsu yana gona. Yesu ya ba da shi ne yana zaune cikin jirgin ruwa a bakin Tekun Galili, taro kuwa yana a gaɓa. Wani mutum ya fita shuka, sai wani iri ya faɗi a hanya tsuntsaye suka tsince, wani ya faɗi a wuri mai duwatsu ya tsiro da wuri rana ta ƙone shi, wani ya faɗi cikin ƙaya ta shaƙe shi, wani kuwa ya sami ƙasa mai kyau ya yi albarka.

TAMBAYA: Malam, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Maigidana ya rasu shekara uku ke nan, da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake ciyar da yara huɗu. Bara wani baƙon mai wa'azi ya zo taron farkawa, ya karanta misalin mai shuka, ya ce kowa ya shuka irin kuɗi a hannunsa, Allah zai mayar masa riɓi ɗari kafin kaka. Na ba da jika goma, wanda shi ne jarina. Kaka ta wuce, ga wata damina ta zo, ban ga kome ba. Wata ƴar'uwa ta ce mini bangaskiyata ce ta gaza, wai ni ce ƙasa mai duwatsu. Haka ne? Daga wata uwa, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri, ya kuma raya marayun nan. Ba haka ba ne. Bangaskiyarki ba ta gaza ba, nassin ne aka karanta miki a karkace, kuma ina so ki buɗe Littafi Mai Tsarki ki gani da idonki, kada ki tsaya a kan maganata kawai.

Wannan misali yana cikin ƴan kaɗan da Yesu ya fassara da bakinsa, saboda haka bai bar wa kowa ƙofar saka tasa fassara ba. A Luka 8:11 ya ce irin nan Maganar Allah ce, a Markus 4:14 kuma ya ce mai shukan Magana yake shukawa. Wurare huɗun da irin ya faɗa kuwa su ne zukatan masu ji. To, dubi abin da baƙon nan ya yi: ya mai da ke mai shuka, ya mai da jika gomanki iri, ya mai da tafin hannunsa ƙasa mai kyau. Abu uku ne ginshiƙan misalin, ya kuwa sauya dukansu uku. Kuɗi sun fito a cikin misalin, gaskiya ne, amma a cikin ƙaya suka fito, gama a Markus 4:19 Yesu ya lissafa abubuwan da suke shaƙe Magana, ya ambaci damuwar duniya, da ruɗin dukiya, da kwaɗayin waɗansu abubuwa. Duk wa'azin da ya ɗauki misalin mai shuka ya hura wa mutane wutar son riɓi ɗari na kuɗi, ƙayar da Ubangiji ya gargaɗe mu a kanta ce yake yi wa ban ruwa.

Na san akwai ayoyin da akan jawo don a tokare wannan koyarwa. Babbarsu ita ce 2 Korintiyawa 9:6, inda Manzo Bulus ya ce mai ƙwauron shuka ƙwauron girbi zai yi, mai shuka a yalwace kuwa zai girba a yalwace. A nan kam batun bayarwa ake yi, babu musu. Sai dai a tambaya, wa ake ba? Surori na 8 da na 9 na wasiƙar duka a kan gudummawar da ake tara wa matalautan masu bi na Urushalima suke, ba aljihun Bulus za ta shiga ba, har ma ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi mutumin da zai raka kuɗin don kada a sami abin zargi. A 8:12 da 13 ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, kuma ba nufinsa ba ne waɗansu su huta a ɗora wa waɗansu nauyi. Da a zamanin Bulus kike, Mama, da marayu huɗu a ɗaka, ina ganin kina cikin waɗanda za a kai wa gudummawar ne. Haka nan Markus 10:30, wadda ta yi alkawarin riɓi ɗari ga wanda ya bar gida da gona saboda bishara, ta haɗa alkawarin da tsanani a cikin ayar guda, amma da wuya ki ji an karanta ta har ƙarshe a irin wannan taro.

Akan kuma kawo labarin gwauruwar da ta zuba ƴan anini biyu a baitulmalin Haikali, a Markus 12:41 zuwa 44. Yesu ya yaba mata, ba wanda zai rage mata wannan daraja. Amma ayar da ta zo kafin labarin, ta 40, hukunci ce a kan malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Markus ya jera su kusa da juna, ya kamata mai wa'azi ya karanta su tare, ya kuma ji tsoron Allah.

Kada wani ya ɗauka ina hana baiko ko zakka. Yesu ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, a Luka 10:7, ni kuma na san masu bishara a ƙauyuka da suke fita gona da asuba, su dawo da yamma su koyar da Magana, abin da ikkilisiya take ba su bai kai kuɗin tiyar gero ta mako ba. Waɗannan haƙƙinsu yana wuyanmu. Baikon da aka zuba a majami'a, mutum biyu ko uku suka ƙirga a gaban dattawa, aka rubuta a littafi, aka karanta wa jama'a inda ya tafi, shi ne abin da ya yi kama da tsarin Bulus. Kuɗin da aka damƙa wa baƙo bisa alkawarin riba da ranar biya kuwa ciniki ne, kuma Bitrus ya riga ya amsa wa Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8:20 cewa ba a sayen baiwar Allah da kuɗi.

Game da maganar ƴar'uwar nan, Yesu ya faɗi ko wane ne ƙasa mai duwatsu a Markus 4:16 da 17: shi ne wanda ya karɓi Magana da murna, amma da wahala ta taso sai ya yi tuntuɓe nan da nan. Ke kin binne miji, kin rasa jari, har yanzu kina zuwa sujada, kin kuma zauna kin rubuto kina neman sanin abin da nassi ya ce. Wannan ya fi kama da Luka 8:15, masu riƙe Magana da zuciya mai kyau suna ba da amfani da haƙuri. Shawarata ita ce ki je wurin fastonki tare da ɗaya daga cikin shugabannin zumuntar mata, ki faɗa musu abin da ya faru ba tare da jin kunya ba. Dattawan da suka ba baƙon bagade suna da alhakin sanin abin da ya bari a baya, kuma Yakubu 1:27 ta ɗora wa ikkilisiya kula da marayu da gwauraye. Idan zumuntarku tana da adashe, ki roƙa a ba ki ɗauka ta kusa don ki tayar da sana'arki kafin sabuwar gyaɗa ta shigo.

TAMBAYA: Malam, ni manomi ne, ina kuma aikin bishara a wani ƙauye na wajen Gidan Rumji. Da na karanta wa mutanena wannan misali, wani dattijo ya ce wane irin manomi ne zai zubar da iri a kan hanya da cikin ƙaya? Na rasa amsa. Ni kaina shekara shida ina wa'azi a nan, waɗanda suka tsaya ba su cika goma ba, har ina tunanin ko ni ne manomin banzan.

AMSA: Ɗan'uwa, sannu da aikin Ubangiji. Tambayar dattijon nan ta mai sanin gona ce. Mu a nan ɗaya yana gaba da sungumi yana sara, ɗaya yana biye yana jefa ƴan ƙwayoyin gero a rami yana rufewa da diddige, don haka ba ƙwayar da take faɗuwa inda ba a nufa ba. A ƙasar Falasɗinu kuwa alkama da sha'ir ne abincinsu, ruwansu yana sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Oktoba ko Nuwamba, kuma da hannu suke yafa iri, kamar yadda ake yafa shinkafa a fadama. Hanyoyin ƙafa suna bi ta gefen gonaki, har ta tsakiyarsu. Wuri mai duwatsu kuma ba tsakuwa ce a sarari ba, shimfiɗaɗɗen dutse ne da ƴar ƙasa ta lulluɓe, kamar faƙon da iska ta ɗora wa yashi, ido yana ganinsa gona, saiwa kuwa ba ta da inda za ta nutsa. Shi ya sa Luka ya ce tsiron ya bushe don rashin laima. Idan kana so mutanenka su gane ƙayar, tuna musu da ƙuduji, wanda yake kama saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsa tun kafin furensa ya bayyana. Ka fara karanta musu abin da nassi ya ce tukuna, sa'an nan ka kawo ƙudujin.

Mai shukan dai ba sakarai ba ne, abin da yake ƙarƙashin ƙasa ne ba ya gani, kamar yadda kai ma ba ka ganin zuciyar wanda yake zaune a kan tabarma yana jin ka. Yesu bai ɗora wa mai shukan laifi ko da kalma ɗaya ba, ko da yake wuri uku cikin huɗu ba su ba da kome ba. Ka ci gaba da karatu zuwa Markus 4:26 har 29, misalin da Markus kaɗai ya rubuta, na mutumin da ya yafa iri yana barci yana tashi, irin yana tsiro yana girma bai san ta yaya ba. Ka tuna kuma cewa mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, ya fara aiki a Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ya zauna a Tsibiri kusa da mu, amma sai a farkon shekarun 1960 ikkilisiyar EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta tsaya a hannun ƴan ƙasa. Shekara shida da mutum tara ba abin rainawa ba ne. Faƙo ma manoman ƙasarmu sun nuna ana iya raya shi da ramukan tassa da taki, annabi Irmiya kuma a 4:3 ya ce a kafce saura, kada a yi shuka cikin ƙaya. Ziyarar marar lafiya, da zaman makoki, da taya maƙwabci noma ranar gayya, suna cikin irin wannan kaftu.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne. Matiyu ya ce riɓi 100, da 60, da 30. Markus ya ce 30, da 60, da 100. Luka ya ce 100 kawai. Wanne ne daidai? Daga unguwar Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Ɗana, madalla da wannan lura, haka ake so a yi karatu. Duka ukun daidai ne. Matiyu ya fara daga sama ya sauko, Markus ya fara daga ƙasa ya hau, Luka ya taƙaita a kan mafi girma, kuma ba wanda ya sauya iri ko ƙasa ko ma'ana a cikinsu. Yesu malami ne mai yawo gari gari, marubutan kuma da Helenanci suka rubuta, kowa da mutanen da yake rubuta wa. Riɓi ɗari kuwa Bayahuden da ya ji shi zai tuna da Farawa 26:12, inda Ishaku ya yi shuka a Gerar ya girbi riɓi ɗari a shekarar, domin Ubangiji ya sa masa albarka. Abin da lambobin Matiyu da Markus suka ƙara mana shi ne, ƙasa mai kyau ma ba daidai take bayarwa ba, kuma mai talatin ba a kira shi ƙaya ba.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, an kuma fitar da sabuwar fassara a 1979. Ka ɗauki takarda ka ja layi uku, ka kwafe misalin daga Matiyu da Markus da Luka kusa da juna, tare da fassarar da Yesu ya yi masa a kowanne. In ka gama, ka karanta wa iyayenmu mata na unguwarku waɗanda ba su iya karatu ba, da babbar murya, har zuwa Luka 8:15.