Tun ina firamare nake kai wa kawuna takardar caca

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni magidanci ne ɗan shekara 34, ina tuƙa adaidaita sahu, ina da mata ɗaya da yara uku. A hannun kawuna na tashi. Tun ina aji uku a firamare, duk ranar Asabar yake aikena in kai masa takardar cacar ƙwallo wani shago a bayan tasha. Wani lokacin ya miƙo mini biro ya ce in zaɓa masa lamba, wai hannun yaro yana da sa'a. Ranar da ya taɓa ci, takalmi ya saya mini da tsire, ya ce ni na jawo masa. Yau abin ya dawo cikin wayata. Balas ɗin da zan kai wa mai mashin nake zubawa. Keken ɗinkin maiɗakina na jinginar, na ce mata gyara na kai. Na rantse da Alƙur'ani na daina, ban yi sati ba na koma. Makon jiya sai ga ni ina ce wa babban ɗana mai shekara tara ya zaɓa mini tsakanin Arsenal da Chelsea. Anti, gado ne wannan, ko asiri aka yi mini? Akwai mafita kuwa?

Wani bawan Allah, daga Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai mafita. Amma kada ka ɗauki ɗan abin da ya rage maka ka kai wa masu karya sammu, domin abin da ka rubuta ya isa ya bayyana yadda aka yi ka zo nan.

Yaro ɗan aji uku bai san lissafin riba da asara ba. Abin da ya gani shi ne babban da yake ƙauna yana dariya, ga sabon takalmi, ga tsire, an kuma ce masa shi ne mai sa'ar. Sauran ranakun Asabar da kawu ya dawo jiki a sanyaye aljihu wayam, ba wanda ya kira ka ya nuna maka. Ka tashi kana ɗauke da rabin labari. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya yi ta nuna cewa wanda ya fara caca da ƙuruciya, da wanda ya tashi a gidan da manya ke yi, sun fi shiga haɗarin kamuwa idan sun girma. Wani ɓangare na dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa: sashen gaba, wanda ke taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke son daɗi da zumuɗi ya riga shi farkawa tun da wuri.

Maganar gado kuwa, tana da ƙamshin gaskiya. Nazarin tagwaye a Amurka da Ostareliya ya nuna halitta tana da rabo mai yawa a saurin kamuwa. Sai dai saurin kamuwar ake gada. Cacar kanta koya ake yi, kuma kai an koya maka da hannu.

Ga dalilin da ya sa rantsuwa ta kasa riƙe ka. Wani masanin halayya Ba'amurke, B. F. Skinner, ya yi gwaji da tattabaru. Idan tattabara ta san duk caccakar da ta yi wa maɓalli hatsi zai faɗo, da an daina ba ta sai ta haƙura. Wadda kuwa hatsin ke zuwa mata jefi-jefi, ba ta san yaushe ba, ita ce ke ta caccaka ba ji ba gani. A kan wannan aka gina sana'ar caca. Ga kuma abin da 'yan caca ke kira “wasa ɗaya ne ya yanke mini tikiti”. A 2009 masu bincike a Jami'ar Cambridge sun nuna cewa kusa-da-ci yana motsa wuraren ƙwaƙwalwa da ci na gaske ke motsawa, yana kuma ƙara sha'awar sake zubawa. Ɗauki biro mu lissafa. Ka haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, wanda sai duka sun shigo za ka ci, a ce kowanne kana da damar kashi 70 cikin 100 na dacewa, wanda ma an yi maka alheri. Damar duka goman su shigo ba ta kai 3 cikin 100 ba. Damar tara su shigo ɗaya ya yanke kuwa ta kai 12 cikin 100, ninki huɗu ke nan har da ɗoriya. Wannan “saura ƙiris” da ke hana ka barci, haka lissafin yake fitar da shi ga kowa, kullum.

Likitoci sun daɗe da ɗaukar wannan a matsayin cuta. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a aji ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta cikin kundin cututtukanta. Mu kuwa tun a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 aka ambaci giya da caca tare. Rantsuwar da ka karya, ka je wurin malami ya yi maka bayanin kaffara, tana nan a Suratul Ma'ida aya ta 89. Kada ka ƙara wata rantsuwar. Tsari za ka yi wanda ko zuciya ta raya maka, hannunka ba zai kai ga kuɗi ba.

Farko, maiɗakinka. Ka zaunar da ita ka faɗa mata inda kekenta yake, da bakinka, kafin ta ji a bakin wanda ka jinginar wa. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi yaji, tana da haƙƙi. Keken nan sana'arta ce, ka cire mata abinci daga baki sannan ka rufe da ƙarya, kuma ƙaryar za ta fi yi mata ciwo. Na san da nauyi, amma jarabar caca a ɓoye take ƙiba. Daga nan kuɗi su bar hannunka na wani lokaci. Balas ya tafi wurin mai mashin kafin ka shiga gida, sauran ka damƙa mata ko wani yayanka da kake jin nauyinsa, tare da katin banki. Babbar wayar nan ka sayar ka rage kuɗin keke, ka sayi ƙarama mai tocila. Ka rubuta duk bashin da ake bin ka a takarda, ka je wa kowa da maganar biya kaɗan-kaɗan. Abin da caca ta ci ya tafi. Ƙoƙarin fanshe shi ne ya kai ka ga keken ɗinki, kuma shi zai kai ka ga manhajojin bashi na waya idan ba ka tsaya ba.

Gidan kallon ƙwallo ranar Asabar da Lahadi, ka hutar da kanka tukuna. Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, na kuma ji daɗin hakan, amma Hisba ba ta shiga aljihu, shagon naka kuwa a aljihu yake.

Ka je asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yana nan, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka. Akwai magani na zama da tattaunawa, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke jan sa da yadda zai katse shi, su kuma duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi. Idan har ya taɓa ɗarsuwa a ranka cewa gara ka huta da duniyar, ka faɗa wa wani a ranar, ku tafi tare. Wannan tunanin yana yawan zuwa wa waɗanda bashin caca ya dabaibaye, kuma ana jinyarsa. In ka zame ka sake zubawa, ka faɗa a daren, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Ɗanka ne ya fi tsaya mini a rai. Shekarunsa tara, kusan shekarun da aka miƙa maka biro. Kada ka ƙara tambayarsa wa zai ci. Ka kira shi ka ce masa abin da ka sa shi rannan caca ce, haramun ce, ta ci maka kuɗi masu yawa, kana kuma neman magani. Yaro yana buƙatar jin ɓangaren asarar daga bakin uba. Ku sa ido a kan wasannin waya masu juya faifai a ci kyauta, da 'yan mai-rabo-ka-ɗauka da ke kafa tebur lokacin Sallah suna kwashe wa yara barka da sallarsu. Ƙwallo kuwa ka bar shi ya buga abinsa a fili, ka je ka kalle shi.

Bayan ka yi magana da maiɗakinka ka sake rubuto mini. Idan ta yarda, ita ma ta rubuto, domin akwai abin da zan faɗa mata game da riƙon kuɗin.