Me zan duba kafin in sayi tsohuwar bindigar Lee-Enfield No. 4 a Amurka?

Ɗan'uwa, tunda don ajiyar tarihi kake sonta, fara da lamba: wadda ke jikin bindigar ta dace da ta sakatar da ke tura harsashi. In sun bambanta, an yi mata haɗe-haɗe, darajarta ta ragu.

Sai ka haska cikin bututun. Tsofaffin harsasan .303 na soja, irin da wannan bindiga ke ci, suna barin gishiri mai jawo laima, shi ke cin ƙarfe har ya yi ramuka. Kan sakatar yana da wata lamba daban, 0 zuwa 3, mai nuna tsawonsa. Ka sa maƙerin bindiga ya auna tazarar da ke tsakanin kan sakatar da gindin bututun kafin a harba, don in ta yi yawa kwanson harsashi kan tsage. Katakon kuwa kada ka kankare shi, tambarin masana'anta na goguwa.

Ka bi ta hannun dillali mai lasisi.