Hayar sabar ko ajiye taka a ofis: wanne ya fi wa mai ƙaramar manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina Zariya, na gina manhajar duba sakamakon jarrabawa da biyan kuɗin makaranta, yanzu makarantu masu zaman kansu guda huɗu ke aiki da ita. Na ɗora ta a wani kamfanin waje da ke kula da komai, nawa kawai in tura aiki ya hau. To da dala ake biya, kuma kuɗin ya fara cin ribata. Abokina ya ce in sayi sabar tokunbo, wato kwamfutar da ake ɗora manhaja a kai jama'a su same ta ta intanet, in ajiye a ofis in huta. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kukanka na da dalili. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 50 a wata ya tashi daga kusan naira dubu 23 zuwa sama da dubu 75 ba tare da an ƙara masa komai ba. Amma shawarar abokinka ban yarda da ita ba, aƙalla a yanzu.

Hanyoyin uku ne, ba biyu ba. Akwai irin wadda kake kai, ta su Heroku da Render, inda kamfani ke riƙe da injin, da babbar manhaja, da rumbun bayanai, da tsaro. Akwai hayar sabar tsirara daga su DigitalOcean ko Hetzner: su ba ka inji mai aiki da babbar manhajar Linux a cibiyarsu, wuta da intanet nasu, sauran ɗawainiya taka. Ta uku ita ce ta abokinka, komai a wuyanka.

Abokinka farashin akwatin kawai ya duba. Sabar tokunbo kan ci wat 200 zuwa 300, ba dare ba rana, wato yunit biyar zuwa bakwai kullum, ba a sa na'urar sanyaya ɗaki ba. Kuma dole ka sa ta, don zafin Maris da Afrilu ba ya wasa da injin, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Sai inbata da batura da sola, da janareta na jiran ko-ta-kwana, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a rumbun bayanai, bayanan na iya lalacewa. Sai intanet. Ƙaramin akwatin datan da ke ofis ba zai yi ba, saboda yawanci ba a ba shi adireshin IP na kansa da za a same ka da shi daga waje. Kana bukatar layi na musamman, kuma guda biyu, in ɗaya ya yanke ɗaya ya riƙe.

Duk wannan kuɗi ne, ana iya lissafa shi. Abin da ba a sawa a lissafi shi ne kai kanka. A ce an saki sakamako daren Juma'a, iyaye sun yi caa a kan shafin, ma'adanar sabar ta cika ko faifanta ya mutu da ƙarfe biyun dare, kai kuma kana Kano wajen biki. Wa zai buɗe ofis? Shugabar makaranta ba ruwanta da batun batir, wayarka za ta yi ta kira. Rabin kuɗin da kake ba kamfanin nan ladan mai gadin dare ne.

Ga kuma yanayin aikinka. Manhajar makaranta barci take yi yawancin zango, sai makon sakamako da makon biyan kuɗi ta cika maƙil. A haya kana iya ƙara ƙarfi na kwana biyar ka mayar. In taka ce, dole ka sayi injin da zai ɗauki ranar cunkoso, ya zauna yana shan wuta sauran shekara. Haƙa bohol na mai shan ruwa da yawa ne kullum. Mai bukatar jarka biyu, ɗan ga-ruwa ya fi masa araha.

Za ka ji ana kafa hujja da kamfanin 37signals na Amurka, masu manhajar Basecamp, da suka bar gajimare, wato hayar injinan wasu kamfanoni ta intanet. Gaskiya ne. Sun kashe kusan dala miliyan 3.2 a 2022 wajen haya, suka sayi injinan Dell na kusan dala dubu 600 a 2023, kuma lissafi ya fitar da su. Sai dai suna da ƙwararrun da ke wannan aiki tun da can, cinikinsu a daidaice yake, kuma ba a ofis suka jibge injinan ba, a cibiyoyin bayanai suka kama wuri. Mu ma muna da irinsu, kamar Rack Centre a Legas, amma makaranta huɗu ba su kai ka can ba tukuna.

Abin da zan ce ka yi: fara buɗe takardar kuɗinka layi-layi. Sau da yawa akwai sabar gwaji da aka manta a kunne, ko rumbun bayanai da ya fi ƙarfin bukata. In ka rage bai isa ba, kuma hannunka ya faɗa a Linux, koma hanya ta biyu. Injin dala 6 zuwa 12 a wata zai iya ɗaukar aiki irin naka. Sharaɗin shi ne sabunta tsaro, rufe ƙofofin da masu kutse ke bi, da sabunta shaidar tsaron shafi ta Let's Encrypt duk sun dawo kanka. In jin wannan ya sa gabanka ya faɗi, zauna inda kake, ka sa kuɗin a cikin abin da makarantu ke biya duk zango.

Tambaya daga wata: Malam, tunda babban kamfani ne ke riƙe min shafi, ai ba sai na ajiye kwafin bayanai ba ko?

Amsa: Sai kin ajiye, 'yar'uwa. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin hayar sabar na OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu da kwafinsu ke wuri ɗaya da asalin sun rasa duka. Ko ba gobara, katin biyan kuɗi na iya ƙin wucewa a rufe miki asusu. Ki sa rumbun bayananki ya riƙa fitar da kwafi kowane dare zuwa wani kamfani dabam, sannan lokaci-lokaci ki ɗauko kwafin ki gwada dawo da shi a wata kwamfuta, don a nan ne ake gane ko fanko aka yi ta ajiyewa.

Tambaya daga wani: Ni ɗalibi ne, na samu inda ake ɗora manhaja kyauta. In dogara da shi?

Amsa: Don koyo da nuna wa malamai, bismillah. Don kasuwanci, a'a. Heroku ya yi shekaru yana ba da kyauta, ya janye a Nuwamban 2022, mutane suka kwashi kaya a gurguje. Tun yanzu ka gina da abin da ke aiki ko'ina, kamar PostgreSQL na rumbun bayanai da Docker na ƙunshe manhaja, ka rage jingina da kayan da kamfani ɗaya kaɗai ke da su, kuma sunan shafinka ya kasance da sunanka aka yi rajistarsa.