Akun da yake cin abinci da ƙafar hagu kaɗai

Ka tambaya ko akunka yana da ciwo a ƙafar dama, tun da kullum da ta hagu yake ɗaga gyaɗa zuwa bakinsa. Wannan ba alamar ciwo ba ce, bahagon tsuntsu ne kawai, kuma ya samu 'yan'uwa da yawa. Manyan akun Ostireliya masu tukku, waɗanda ake kira kokatu, mafi yawansu da hagu suke riƙe abinci, kuma binciken Culum Brown da Maria Magat na Jami'ar Macquarie a 2011 ya nuna cewa ƙafar da aku yake fifitawa tana bin idon da yake duban abincin da shi, domin idanunsa a gefen kai suke. Ka lura kuma cewa duk lokacin da yake ci, ƙafar damar da kake zargi ita ce take ɗauke da nauyinsa gaba ɗaya.

Sharaɗi ɗaya zan ƙara daga abin da na gani a wurin nawa akun. Shekara da shekaru yana karɓar dabino da hagu, sai wata safiya ya miƙo dama, ya juya dabinon da ƙyar har ya suɓuce masa, da na duba sai na tarar da gyambo a tafin ƙafarsa ta dama da ya saba tsayawa a kai, wanda sandar keji mai santsi da kauri ɗaya ta jawo. Saboda haka sauyin ƙafa kwatsam, ko kumburi, ko raunin damƙa, su ne suke buƙatar likitan dabbobi.